Gyaran inji zuwa yadda yake, ko ƙara masa girman silinda: wanne ya fi wa ƙaramin sikuta?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya game da babur ɗinsa na sikuta mai injin GY6 (irin injin da ake sakawa a ƙananan sikuta da yawa) na cc 50. Ya ce ƙarfinsa ya ragu, yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma ba ya iya hawan tudu idan an yi goyo. Yana son ya san ko ya sauke injin ya mayar da shi yadda kamfani ya ƙera shi, ko kuwa ya saka masa babban silinda tun da dai za a buɗe shi. Malam, ga yadda nake ganin hanyoyin biyu.

Kafin ka zaɓi ɗaya, ka fara gano ainihin abin da ya rage ƙarfin, domin ba kowane rauni ne daga fistan yake zuwa ba. Injin 139QMB, wato samfurin cc 50 na dangin GY6, yana da ɗabi'ar matsewar bawul yayin da ya daɗe yana aiki. Idan tazarar da ke tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi ta ƙare, bawul ɗin ba zai rufe sosai ba, iska za ta riƙa zurarewa, sai babur ya yi wuyar tashi da safe kuma ya yi sanyi a hanya. Ana daidaita wannan tazara zuwa kimanin milimita 0.05 lokacin da injin yake a huce, kuma aiki ne da ba ya buƙatar sayen komai. Bayan haka a auna matsin silinda da ma'auni: lafiyayyen inji yakan kai wajen psi 150, wanda ya faɗi ƙasa da 100 kuwa lallai sai an buɗe shi. Shuɗin hayaƙin da ka ambata alama ce ta baƙin mai da ke ƙonewa, kuma yana iya shiga ta ringin da ya cinye ko ta robobin wuyan bawul.

Hanya ta farko ita ce gyara zuwa asali. A nan za ka bar faɗin silinda a milimita 39, ka saka sabon fistan da ringi, ka goge kujerun bawul, ka canja robobinsu da gasket, ka duba sarƙar taimin. Amfaninta shi ne komai yana nan a ma'aunin da aka ƙera shi a kai, don haka kafireta ba ta buƙatar canjin jet (ɗan ramin da fetur ke bi ya haɗu da iska), zafi ba ya ƙaruwa, shan mai yana komawa yadda yake a da, kuma karanshaf ba ya ɗaukar nauyin da bai saba ba. Iyakarta kuma a fili take: ƙarfin da za ka samu shi ne wanda babur ya zo da shi, wato kimanin ƙarfin doki uku. Idan tun yana sabo tudu yana ba shi wahala da mutum biyu, to bayan gyaran ma haka zai ci gaba.

Hanya ta biyu ita ce babban silinda, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Tafiyar fistan a wannan inji milimita 41.4 ce, ba ta canjawa, don haka faɗin silinda kawai ake ƙarawa. Mai milimita 44 yana ba da kimanin cc 63, mai 47 yana ba da cc 72, mai 50 kuma cc 81. Masu sayarwa sukan rubuta cc 80 a kan mai 47, su rubuta cc 100 a kan mai 50, saboda haka ka dogara da faɗin fistan, kada ka dogara da abin da ke jikin kwali. Daga ainihin girmansa na cc 49.5 zuwa 72 ƙari ne na kusan kashi 45 cikin ɗari, kuma za ka ji shi nan take a wajen tashi da hawan tudu.

Abin da mutane da yawa ba su sa rai da shi ba shi ne, babban silinda ba ya ƙara gudun ƙarshe sosai. Gudun ƙarshe ya dogara ne ga yawan juyawar inji da kuma haƙoran giyar baya, kuma waɗannan biyun ba su canja ba. Za ka isa gudun da ka saba da sauri, za ka riƙe shi a kan tudu da gaban iska, amma allurar ma'aunin gudu ba za ta wuce inda take tsayawa da nisa ba sai an canja giyar.

Tsakanin mai 47 da mai 50, ni mai 47 nake ba da shawara a kai, kuma dalilina karanshaf ne. An ƙera sandar fistan da boris ɗin karanshaf ne domin ƙaramin fistan na milimita 39. Fistan mai milimita 50 ya fi nauyi kuma bugunsa ya fi tsanani, ga shi bangon silindarsa ya fi siriri a ƙasa, don haka tsohon karanshaf yakan gaza a ƙarƙashinsa. Mai 47 yana ba da mafi yawan ribar ba tare da ya cinye kwanan injin da wuri ba. Ko da wanne ka zaɓa, idan ka cire silinda ka kama sandar fistan da yatsu biyu, ka ja ta sama ka danna ta ƙasa. Ɗan motsi zuwa gefe ba laifi ba ne, amma idan ka ji ta motsa sama da ƙasa ko da kaɗan, to boris ɗin ya tafi, kuma saka babban fistan a kansa tamkar ɗora sabon rufi ne a kan bangon da ya tsage. Sai an raba akwatin injin an canja karanshaf tukuna.

Babban silinda yana jawo wasu ayyuka waɗanda gyaran asali ba ya buƙata, kuma a nan ne yawancin injuna suke lalacewa. Na farko shi ne jet ɗin kafireta. Injin da ya girma yana zuƙar iska fiye da da, idan kuma man bai ƙaru daidai da ita ba, wutar takan yi zafi har ta huda kan fistan. A ƙara girman babban jet mataki-mataki, a yi tafiya, sannan a cire fulogi a duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa shi ake nema, fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka kuma yana nufin ya yi yawa. Gara a fara daga wajen yawa a sauko, domin yawan mai yawanci fulogi yake ɓatawa. Na biyu shi ne tazarar bakin ringi. A tura ringin cikin silinda, a daidaita shi da kan fistan, a auna tsagar da ke tsakanin bakunansa. Ga faɗin milimita 47 kimanin milimita 0.15 zuwa 0.25 ake so. Idan babu wannan sarari, ringin zai kumbura da zafi ya kankare bangon silinda. Idan kayan sun zo da sabon kan silinda, a lura cewa bawul ɗin wannan inji iri biyu ne, mai tsawon milimita 64 da mai 69, kuma kowanne da irin madanninsa.

Akwai kuma ɓangaren bel ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya, wanda ya shafi hanyoyin biyu duka. Rololin da ke cikin fulin gaba, masu girman milimita 16 da 13, su ne ke yanke lokacin da giya take hawa. Masu sauƙi suna barin inji ya juya da sauri kafin bel ya hau, masu nauyi suna sa ya hau da wuri. Bayan an saka babban silinda, ana iya buƙatar canja nauyinsu da giram ɗaya ko makamancin haka domin a ci moriyar sabon ƙarfin. Rola da ta yi fefe a gefe ɗaya, ko bel da ya siraice, suna iya cinye duk ribar da aka samu daga inji, don haka a canja su ko da gyaran asali aka yi.

Sabon silinda kowane iri ne yana buƙatar lallaɓawa a ɗaruruwan kilomita na farko, tare da canja baƙin mai da wuri, musamman da yake wannan inji ba shi da matatar takarda sai 'yar raga kawai, kuma man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba. Ka kuma duba dokar inda kake, domin a ƙasashe da dama, ciki har da na Tarayyar Turai, cc 50 ita ce iyakar rukunin ƙananan babura, wuce ta kuwa yana canja batun lasisi da inshora.

Tun da damuwarka tudu ce da goyo, gyaran asali ba zai biya maka buƙata ba. Idan karanshaf ɗinka ya ci jarrabawar yatsu, ka saka mai milimita 47, ka daidaita jet da rola, kuma ka sabunta takalman birki a aiki guda, domin babur da ke tashi da sauri yana buƙatar tsayawa da sauri. Idan karanshaf ya nuna motsi kuma ba ka shirya raba akwatin injin ba, ka dakata da babban silinda har sai ka shirya.