Windows XP Embedded daga faifan CD: yana aiki, amma a tanadi faifai da haƙuri

Abin da ya burge ni a wannan tsari na tayar da XP Embedded, wato Windows XP da aka yi don na'urori masu aiki na musamman, daga faifan CD shi ne yadda ba ya tsoron ɗaukewar wuta. Na zare wayar na'urar tana tsakiyar aiki, na mayar, ta tashi tsaf kamar ba a taɓa ta ba. Dalili kuwa, faifan CD ba a rubuta masa komai. EWF, wato matatar rubutu da ke cikin tsarin, ita ke tare duk abin da Windows zai rubuta ta zuba shi a RAM, ana kashewa ya tafi. Bairos ma haka yake tafiya. Ga na'urar da aiki ɗaya take yi wuni guda, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma na yaba ƙwarai.

Sai dai kafin a kai nan akwai shuɗin allo mai lamba 0x7B, kuma shi ne ya fi ci mini rai.

Faifan yana tashi ne ta ƙa'idar El Torito da Phoenix da IBM suka fitar a 1995, inda BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da na'ura, ke ɗaukar faifan tamkar rumbun ajiya na ciki. A Target Designer, wato manhajar da ake haɗa tsarin da ita, ana saka El Torito CD Support da EWF da FAT da CDFS (tsarin fayil na rumbu da na CD), a kashe fayil ɗin musaya, wato pagefile. A rumbun da za a yi gini a kai, ɓangaren farko ya zama FAT, kada ya kai megabait 650, a bar ɗan fili a bayansa ba a yanka ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake faɗuwa shi ne faifai biyu ake bugawa, ba ɗaya ba. Na farko ana haɗa shi da hd2iso, manhajar da ke mayar da ɓangaren rumbu hoton CD, tun kafin FBA, wato shirin da ke kammala saitin Windows a tashin farko, ya gudana, kuma dole yana cikin injin faifai lokacin da FBA ke aikinsa daga rumbu. Ta haka Windows ke ganin faifan a matsayin rumbu ya rubuta shi a rajistarsa. In babu shi a ciki, komai zai tafi lafiya lau, ba gargaɗi ba komai, sai an buga na ƙarshe an kunna, ya fara lodi, ya tsaya cak a 0x7B, wai bai ga abin da ya tashi daga kansa ba. Haka nan in lambar shaidar faifai da aka ba hd2iso ta saɓa da wadda ke Target Designer. Ta asali ita ce 1330924613, a bar ta yadda take a wurare biyun.

Bayan FBA sai a gudanar da umarnin etprep -all, ya goge ɓangaren EWF da FBA ya yanka a filin da aka bari, ya musanya haruffan rumbu da faifai. Daga nan kada a bar na'urar ta sake tashi daga rumbun ko sau ɗaya. A ciro shi, a sake haɗa hoton da hd2iso, a buga faifai na biyu a gudu kaɗan. Faifan arha da aka buga da sauri yakan karantu a injin da ya buga shi, ya ƙi a siririn injin na'urar.

Kuma da aiki ya yi nisa yabon nawa ya ragu. RAM ɗin da EWF ke zuba rubutu a ciki cika take yi, ba ta raguwa ko an goge fayil. Manhaja mai yawan rubuta bayanan aikinta za ta cinye ta, saƙon gazawar rubutu ya fara fitowa, na'ura ta sandare sai an kashe an kunna. A riƙa duba cikar RAM ɗin da umarnin ewfmgr c:, a kuma karkatar da irin wannan rubutu zuwa filas. Tashi yana ɗaukar lokaci, kana jin injin faifai yana ta gurnani yana neman fayil. Gyaran saiti ɗaya tak, ko adireshin IP ne, sai an koma rumbu an sake buga faifai.

Tun Janairun 2016 aka daina tallafa wa XP Embedded, don haka ban yarda a jona shi da intanet ba. Ga tsohuwar na'urar da BIOS ɗinta bai san tashi daga filas ba, zan sake amfani da shi. In tana karɓar katin CompactFlash, shi zan zaɓa, da EWF ɗin a kansa.