Ƙwarewa a likitancin mata na ƙananan yara da 'yan mata: wace hanya ta fi dacewa da likitar Sakkwato?

Wata safiya aka kawo mana yarinya 'yar shekara 14 daga wani ƙauye ta wajen Gwadabawa. Mararta ta kumbura, duk wata sai ta yi kwanaki tana murƙususu, amma ba ta taɓa ganin jinin al'ada ba. Uwar ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa: "Likita, ki rufa mana asiri. Mutane na cewa ciki ne, wallahi ɗiyata ko zaure ba ta leƙawa." Ba ciki ba ne. An haife ta da tantanin budurci a toshe, jini yana ta taruwa a ciki. Aikin da bai kai rabin awa ba ya raba ta da ciwon, ya wanke ta daga zargi.

Irin wannan yarinya ta girmi ɗakin yara, ba ta kai ga layin masu awon ciki ba, sai ta rasa mai ita. Shi ya sa nake murna idan ƙannena likitoci da suka gama aikin shekara ɗaya na asibiti da bautar ƙasa suka tambaye ni ta ina ake shiga wannan fanni. Fannin kansa ba sabo ba ne, tun 1940 Farfesa Rudolf Peter ya buɗe masa asibiti a birnin Prague. A nan gida kuwa, sai an fara ƙwarewa a wani babban fanni sannan a ɗora shi a kai.

Hanya ta farko ita ce horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Za ki ci jarrabawar share fage, sannan kashi na ɗaya da na biyu, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Shekara 5 zuwa 6 ne idan ba a yi tuntuɓe ba. Ana biyanki albashi, kina kusa da iyalinki, kuma abin da ya fi kome, hannunki zai faɗa. Za ki ga ƙwan mahaifa da ya murɗe da tsakar dare, ki ga jijjiga a jikin mai cikin fari 'yar shekara 16, ki ga ɓarnar yankan gishiri. Raunin wannan hanya a fili yake: haihuwa ce ke cinye lokaci. Za ki iya gamawa kin yi tiyatar ciro jariri ba adadi, amma ba wanda ya zaunar da ke ya nuna miki yadda ake duba 'yar shekara 5 tana zaune a cinyar uwarta, ba tare da saka mata ƙarfe ba. Wannan sai kin neme shi da kanki, ki kuma zaɓi binciken kashi na biyu a kan matsalolin 'yan mata.

Akwai masu shigowa ta fannin yara, su ƙara da ilimin sinadaran girma, wanda ke da cibiyar horo ta Afirka ta Yamma a Legas. Su ne gwanaye wajen yarinyar da nono ya fito mata kafin shekara 8, ko wadda ta kai 15 shiru ba al'ada, abin da muke yawan gani ga masu ciwon sikila. Sai dai ranar da ake buƙatar wuƙa, dole su miƙa ta ga wani. Wadda ba ta sha'awar ɗakin tiyata, wannan hanya ta ishe ta.

Sai maganar fita waje, wadda ita ce ke rikita matasa. A Amurka ake da horo mafi tsari, galibi shekara 2 bayan shekara 4 na fannin mata, kuma ƙungiyarsu ta NASPAG tana nan tun 1986. Amma kafin nan akwai jarrabawar USMLE, ta samun lasisin aikin likita a Amurka, da ake biya da dala, kuma sau da yawa sai an sake horon tun daga tushe a can. Ki lissafa shekarun, ki lissafa canji, ki tambayi kanki tsakani da Allah ko za ki dawo. Ingila ta fi sauƙi ta wani ɓangare. Kwalejin RCOG, wato ta likitocin mata da haihuwa a can, tana da darasi na musamman kan wannan fanni, an kuma yi wani shiri mai suna MTI da ya riƙa bai wa likitan waje damar horo har shekara 2 sannan ya koma ƙasarsa. A can za ki ga yadda ake kula da yarinyar da aka haifa ba mahaifa, tare da likitan yara da mai ba da shawara a ɗaki guda. Abin da ba za ki koya a can ba shi ne yadda ake shawo kan kakar da ta riga ta yi magana da wanzami.

Tsakanin waɗannan akwai jarrabawar IFEPAG, mai kashi biyu, ta FIGIJ, ƙungiyar duniya ta likitocin wannan fanni da aka kafa a 1971. Shaida ce cewa kin san fannin, kuma ba ta buƙatar ki yi ƙaura dungurungum. Ba ta maye gurbin takardar ƙwarewa ta gida, ƙari ce a kanta. Su kuma kwasa-kwasan intanet na sati biyu da ake tallatawa a WhatsApp, kafin ki tura kuɗi ki tambaya: wace kwaleji ta amince da su, kuma marasa lafiya nawa za ki gani da idonki? Idan amsar babu ce, karatu ne kawai, ba horo ba.

Da ƙanwata ce ta tambaye ni, zan ce ta yi fannin mata a nan Sakkwato. Tana cikin horon ta nemi 'yan watanni a sashen yoyon fitsari na Asibitin Maryam Abacha, ko cibiyar Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees Waaldijk ya horar da likitoci da dama, domin da yawa daga masu wannan lalura 'yan mata ne da cikin fari ya zo musu da doguwar naƙuda. Bayan ta gama, sai ta ɗora IFEPAG ko shekara 2 a Ingila. In ta dawo, ta roƙi shugaban sashenta ya ware mata rana ɗaya a mako, da ɗaki mai ƙofa da labule, inda ɗalibar sakandare za ta shigo ba tare da ta bi layi ɗaya da maƙwabciyarsu mai awon ciki ba.