Hattara da regilatar "5000" da ake yawo da su a kan moto

Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Dan Allah duk wanda ya ga wannan ya tura ma ƴan uwa, akwai wani mutum da ke yawo da regilatar, wato akwatin daidaita ƙarfin wutar lantarki, a bayan moto, an gan shi wajajen kasuwar Dole, an gan shi Sabon Gari da Garin Malam, sabbi ne fil a kwali an rubuta 5000VA a jiki, kuɗinsu kuma bai kai rabin na butik ba. Yana ce ma mutane wai kayan gwanjo ne daga Kano, wai kuma tana ƙara kuran tana rage faktir. Wallahi kada ku saya. Ni aikina bobinaj ne, wato naɗin wayar injuna, irinsu sun shigo atiliye na a ƙone, na buɗe na ga abin da ke ciki da idona.

Abin da ke cikin regilatar taransifo ne, ƙarfe mai falle-falle da waya naɗe a kansa. Kuran ɗinmu yana juyawa gaba da baya sau 50 a sakan guda, wannan juyin shi ke sa maganaɗisun da ke cikin ƙarfen yana hawa yana sauka, hawa da saukar kuma su ke haifar da tansiyo, wato bolt, a kowane zagaye na waya. Masanin kimiyya Faraday ya gano haka tun 1831, kuma lissafin da muke aiki da shi bai canza ba: 4.44 sau 50 sau yawan zagaye sau yawan maganaɗisun cikin ƙarfe, shi ne bolt ɗin da naɗin zai iya riƙewa. To ku lura da nan, dan nan ne satar take. Bolt 220 ba kai ka zaɓa ba, haka yake zuwa daga layi, 50 ɗin ma haka. In ka rage zagaye dole maganaɗisu ya ƙaru ya cike gurbin, ba shi da wata hanya.

Misali ƙarfe mai santimita 5 a kan 5, in kana son ya yi aiki a tesla 1.2 (tesla ma'aunin maganaɗisu ne) hankali kwance, kowane zagaye yana ba da wajen kashi biyu cikin uku na bolt, kenan ana buƙatar zagaye kusan 330. Ɓarawo sai ya naɗa 250 ya sa sauran wayar aljihu, ƙarfen ya haura kusan tesla 1.6, alhali ƙarfe kamar buhu ne, in ya cika ya cika. Daga nan sai naɗin ya dinga jan kuran mai yawa ko ba ka jona komai ba, ya yi ta gurnani yana zafi, kwantarka tana gudu a banza. Mutumin da aka ce ma za a rage mai faktir fa kenan.

Kuma ba a nan ya tsaya ba, wayar ma ba jan ƙarfe ba ce, alminiyom ne aka shafa ma launi, na kankare da wuƙa sai ga fari tas. Alminiyom in kaurinsu ɗaya da jan ƙarfe ya fi shi tare kuran da kusan kashi 60 cikin 100, zafi kan zafi kenan, ga kuma ranar Afrilu da Mayu ta garin nan da ke wuce digiri 40. Da yake taransifon ya yi ƙanƙanta sun san mai saye zai ɗaga ya ji nauyi, sai suka ɗaure guntun siminti a gindin akwatin. Siminti jama'a! Wata baiwar Allah mai saida ƙanƙara da lemu ta jona firigonta a kai, regilatar ta kama hayaƙi da dare ta tafi da injin firigon, jarinta kenan gaba ɗaya, yara kuma a ɗakin suke kwance, Allah ne kawai ya kiyaye. Lambar da ya ba ta ta garanti tun ranar a kashe take. Wannan abu ya tsaya min a rai sosai.

Maganar wai tana ƙara kuran ma ƙarya ce. Taransifo ba ya ƙirƙirar ƙarfi, in ya ɗaga bolt to amfe ɗin, wato yawan kuran ɗin da zai iya bayarwa, ya ragu daidai gwargwado, har da ɗan asara ta zafi. Na kuma ji yana ce ma masu panno wai su jona ta kai tsaye da batir su samu 220. Kar wanda ya gwada, kuran ɗin batir ba ya juyawa, maganaɗisu zai tsaya cak, ba tansiyon da zai fito, wayar ce kawai za ta ƙone ko batirin ya lalace. Wannan aikin ondilar ne, injin da ke maida kuran ɗin batir ya zama mai juyawa irin na layi.

In har ka riga ka saya, cire mata komai ka jona ta ita kaɗai kamar rabin awa kana kusa, ta kirki ɗumi kaɗan za ta yi, in ka ji tana ƙara da ƙarfi ko ta yi zafin da hannu bai iya daɗewa a kai ko kana jin warin ƙuna, zare ta nan take. Kada ka buɗe tana jone da wuta, ka kai ma mai gyara ya auna kuran ɗin da take ja babu kaya ya kuma kankare bakin wayar a gabanka. In mutumin ya zo ƙofarku ku ce ya kwance murfin ku gani kafin a yi maganar kuɗi, ku riƙe lambar moton, ku sanar da mai unguwa ko ƴan sanda.