Hattara da mai tallar "jitar gado": na yi cinikin biri a sama

Jama'a, musamman 'yan'uwana makaɗa na Zariya da Kaduna da Kano, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu kayan kiɗa yana tallar jita ƙirar Gibson ES-175, wai ta mahaifinsa ce da ya rasu. Kada wanda ya tura masa ko sisi. Ni ya cinye mini naira 900,000. Wata biyu na yi ina jin kunyar faɗa, sai da na ga tallar ta sake fitowa da wani sunan daban, na ce shirun nan ba zai amfani kowa ba.

Ga wanda bai san irin jitar ba: ita ce wadda Turawa ke kira archtop, jitar masu kiɗan jaz. Cikinta ƙoƙo ne, fuskarta ta yi tudu kamar bayan kunkuru, da ramuka biyu masu siffar harafin f. Kamfanin Gibson ya fara yin wannan samfurin a 1949, kuma sunan ma daga farashinta na farko ya samo asali, dala 175. Da ita makaɗan jaz na Amurka Joe Pass da Jim Hall suka yi suna. Yau ta hannu ma dubban daloli ce, a kuɗinmu miliyoyi. Ni da nake kaɗa wa mawaƙa a situdiyo a Tudun Wadar Zariya, ina ɗan zuwa biki in an kira, na fi shekara goma ina kallon ta a bidiyo ina haɗiyar yawu. To ku ƙaddara yadda na ji da na gan ta a kan 900,000.

Hotuna goma sha ɗaya ya sa. Jitar a kwance kan wani koren kafet, launinta ja-ja a tsakiya baƙi a gefe, har da hoton bayan kan jitar, wato ƙarshen wuyanta, inda lambar kamfani take. A ƙasa ya rubuta cewa ƙirar 1989 ce, an yi ta a Kalamazoo. Da na kira shi, Hausarsa tas, ya yi sallama, ya tambayi iyali. Ya ce mahaifin nasu ya yi karatu a Amurka ya dawo da ita, gidansu na Legas, magada sun matsa a yi rabon gado, ba wanda ya iya kaɗawa, wasu ma ba sa son ganin ta a gidan. Na yi masa ta'aziyya har da addu'a. Wannan addu'ar ta fi kuɗin ci mini rai.

Na nemi mu yi kiran bidiyo, ya ce sabis ba kyau a unguwarsu, ya turo wani ɗan bidiyo na hannuwa suna kaɗawa, ba fuska. Na ce ina da aboki a Legas da zai zo ya duba, ya ce kayan na ɗakin kawunsu a kulle, sai an yi ciniki yake buɗewa. Washegari da safe sai ga saƙo: "Yayana, wani daga Abuja zai zo da kuɗi gobe, amma ni kai nake so ta shiga hannunka tunda ka san darajarta." Nan na tura kafin alƙalami, 300,000. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne. Ya ce na ƙanwarsa ne, nasa ya samu matsalar BVN. Duk na ga waɗannan abubuwan da idona, kwaɗayi ne ya hana ni lissafi.

Inda ya nuna ƙwarewa shi ne ranar da kayan suka iso. Tun kafin motar ta zo ya turo saƙon murya yana bayani kamar malami: irin wannan jitar jakinta, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke danne shi, don haka ya sassauta tsirkiyoyin ya cire jakin saboda doguwar hanya, kada in yi gigin ɗaure su a tasha, in kai wa mai gyara. Kuma maganar gaskiya ce, haka ake yi wa wannan jitar in za ta yi tafiya. Da gaskiyar ya ɗaure ni, domin jitar da ba jaki ba ta kaɗuwa, balle a ji muryarta.

A Kwangila na tarbi motar, bayan la'asar sakaliya, ƙurar hunturu ta rufe gari. Direba ba ruwansa, an dai ce masa kada ya saki kwali sai an kira shi. Muka yage kwalin a bayan mota, na buɗe akwati. Ga jita, ga jaki a naɗe cikin jarida, ga suna yana ƙyalli a kai. Direba na cewa, "Malam ka taimaka, ina da fasinjan Kano." Wayata na ta ƙara. Na tura 600,000 a tsaye, na hau Keke Napep da akwati a cinya kamar wanda ya ɗauko amarya.

Da safe na kai ta Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, Baba muke ce masa, ya yi kiɗa a otal-otal tun kafin a haife ni. Bai ko ɗaga ta ba. Ya sunkuya ya kai hanci bakin ramin nan ya shaƙa, ya ɗago ya kalle ni.

"Ɗana, shekararta nawa aka ce maka?"

Na ce ta haura talatin.

"Wannan warin sabon gam ne. Tsohon katako ba ya wari haka. Ƙirga mini sukurorin da ke kan murfin nan."

Akwai wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa a kan jitar, sama da inda tsirkiyoyi ke fita daga wuya. Na ƙirga, uku. Ya ce na Gibson biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na buɗe hoton tallar a waya, biyu ne a can. A nan gumi ya keto mini duk da sanyin da ake yi. Ya kwance murfin, ya nuna mini bakin ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake juyawa a miƙar da wuyan in ya lanƙwashe. Na Gibson noti ne na tagulla da ake kamawa da soket. Wannan rami ne na alanki. Ya juya ta ya haska tocila a bayan wuya, sai ga layin haɗi a gicciye ƙasa da kai, inda aka jona katako biyu, abin da Gibson ba ya yi. Fentin kuwa kauri gare shi kamar an zuba roba, ba ko ƙwarzane. Na asali siriri ne, yana rawaya da shekaru, yana yin ƙananan tsaga kamar tsohon tangaran, kuma inda hannu ke gogawa yana cinyewa.

Sai lamba. Wannan kowa zai iya dubawa ko bai taɓa riƙe jita ba. Daga 1977 Gibson na buga lamba takwas a bayan kai, a nutse cikin katako, da rubutun cewa a Amurka aka yi. Lamba ta farko da ta biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu su ne ranar da aka buga a cikin shekarar. Ta 1989 za ta fara da 8, ta biyar ta zama 9. A 2005 ne suka ƙara lamba ɗaya ta zama tara. Tawa ta fara da 8 ɗin, amma ukun tsakiya 412 ne. Baba ya ce, "A garinsu shekara kwana ɗari huɗu ce da sha biyu?" Yaransa na shago suka kwashe da dariya, ya daka musu tsawa. Lambar cikin hoto kuwa daban ce, kuma daidai take, domin hotunan na jita ta gaske ne da ya kwaso daga wani wuri.

Ko ba a taɓa jitar ba, tallar kanta ta tona shi, ni ne ban karanta da hankali ba. Kalamazoo da ke jihar Michigan nan ne asalin gidan Gibson, amma kamfanin ya rufe masana'antar can a 1984 ya tattara ya koma Nashville. Tsofaffin ma'aikatansa ne suka zauna a ginin suka buɗe kamfanin Heritage a 1985. Gibson ta 1989 daga Kalamazoo, babu ita.

Kuma kada wani ya ɗauka jabun nan ɗaya ce ko biyu. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jitocin jabu sama da 3,000 masu sunan Gibson a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. In sun kai ƙofar gidan mai abin, mu nan da kwantena ke sauka kullum fa?

Saura tarko na biyu, kuma shi ne babban dalilin wannan rubutun. Da na kira shi ban yi zaton zai ɗauka ba, sai ya ɗauka. Ya yi salati, ya ce lallai yaron kawu ne ya musanya, akwai jita biyu a ɗakin. "Yayana ka yi haƙuri, ka sa ta a mota yau, kuɗinka na dawowa da zarar ta iso, ko in turo ta gasken." Har na fara neman kwali. Baba ya riƙe hannuna ya ce, "In ka mayar ka yi biyu babu. Riƙe abin da ke hannunka, shi ne shaidarka." Na ce wa mutumin ya fara dawo da rabin kuɗi, sannan jita ta tashi. Daga ranar layin bai sake shiga ba. Bayan mako uku na haɗu da wani matashi a Samaru da ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Labari ɗaya, koren kafet ɗaya, sai dai shi ya mayar. Ya nuna mini hoton da ya ɗauka kafin ya rufe kwali, lambar bayan kai 412 a tsakiya. Jitar da ya mayar ita aka turo mini. Da na mayar, da yanzu tana hanyar gidan wani.

Mun kai rahoto wajen 'yan sanda tare, mun rubuta wa bankunanmu, mun haɗa rasit da saƙonnin murya da hotuna. Wanda abin ya shafa kada ya goge komai daga wayarsa, kuma ya sanar da bankinsa a ranar, kafin a kwashe kuɗin zuwa wani asusun. Hukumar EFCC na da ofishin shiyya a Kaduna, tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna.

Mai son sayen irin wannan jitar ta hannu, ko ta gaske ce, sai ya zauna da ita a ɗaure da tsirkiyoyinta, a jona da amfilifaya, da rana, da wanda ya fi shi sani a gefe. Lamba mai kyau kaɗai ba hujja ba ce, ana kwafo ta daga ta gaske. A kalli fuskar daga gefe: in ta lotsa a ƙarƙashin jaki, katakon da ke tokare da ita daga ciki ya saki ko ya tsage, a zura ɗan madubi da tocila ta ramin a gani. In an sauke jaki har ƙasa amma tsirkiyoyi na nan sama da wuya suna yanka yatsa, wuyan ne ya tashi daga mazauninsa, gyaran da sai an cire wuya ɗungurungum, kuma masu iya shi a nan ba su da yawa. A duba bayan kai ko ya taɓa karyewa an manne, domin nan ne lagon Gibson, faɗuwa ɗaya ta isa.

Sannan Zariya ba ta raga wa katako. Masu ƙera jita na son damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa leɓen mutum ma tsagewa yake. Katako na tsukewa, bakin ƙananan ƙarafunan da ke jere a gicciye a kan wuya su fito suna karce hannu, fuska ta tsage. Dabarar Baba ita ce soso mai ɗan damshi a cikin gidan sabulu da aka huda, a ajiye cikin akwati, a rufe, ana sabunta shi. Kada a bar ta a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, gam na saki. In za a canja tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, don jaki ya zauna inda yake.

Abin haushin, da kuɗin da na zubar na tashi neman jitar kamfanin Epiphone ko Ibanez ta hannu mai ƙoƙo, da sunanta na gaskiya a goshinta, da yanzu ina aiki da ita hankali kwance. Epiphone ma na Gibson ne tun 1957, kuma sukurori uku a murfinta ba laifi ba ne, haka ake yin ta. Raini ne ya sa ban kalle su ba.

Tawa tana nan. Baba ya goge bakin ƙarafunan, ya zaunar da jaki, ya canja wayoyin ciki da ke ƙugi, na biya shi. Tana kaɗuwa daidai gwargwado, ina koya wa yara da ita. Sunan da ke kai na rufe shi da baƙin salatif, kuma ba zan sayar wa kowa ita da wannan sunan ba.

Tallar da ta fito makon jiya, mahaifin ya koma kawu, Legas ta koma Fatakwal, farashi ya sauka zuwa 750,000. Koren kafet ɗin dai bai canja ba, kuma har yanzu an rubuta Kalamazoo, 1989.