Penman Sapphire ko Skrip Peacock Blue, wacce za ka ɗura?

Duk mai harkar alƙalami mai shan tawada ya san waɗannan tawada biyun, kuma dukkansu an daina yinsu, sai dai ka ci karo da tsohuwar kwalba a kasuwar intanet ta eBay.

Penman Sapphire ta kamfanin Parker ce, ta fito a 1993, ba ta daɗe ba aka janye ta saboda mutane suna ta ƙorafin tana toshe musu alƙalami. Gaskiya akwai kyau, shuɗi ne mai kauri, in ta bushe a takarda mai santsi sai ka ga wani ja-ja yana ƙyalli a gefen haruffa, shi ya sa har yau ake ta rububinta kuma kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Amma fa in ka ɗura ta ka ajiye alƙalamin ka manta, to ka shirya wanki.

Ita kuwa Skrip Peacock Blue ta kamfanin Sheaffer, wadda aka riƙa yi a Fort Madison can Amurka, ba ruwanta da rigima. Kalarta tsakanin shuɗi da kore, ba kauri, ruwa kaɗai ya isa ya wanke ta, ga kwalbar da ɗan aljihu a ciki inda tawada ke taruwa in ta kusa ƙarewa, dabara ce wallahi.

Ni dai a tsohon alƙalami mai jakar roba ta riƙe tawada a ciki Peacock zan zuba, Penman sai a wanda zan iya kwancewa in wanke. Kowacce ka saya ka buɗe ka duba tukuna, in akwai funfuna ko yauƙi kar ta shiga alƙalaminka.