A ƙafa zuwa Makka: ta Agadas ko ta Sudan?

Wani ƙanenmu daga Daura ya yi tambaya jiya da dare. Ya ce ya ƙudurta zuwa aikin Hajji a ƙafa kamar yadda kakanni suka yi, to wace hanya ta fi, ta arewa da ke ratsa Agadas, ko ta gabas da ke bi ta Chadi da Sudan? Wasu sun yi ta tura masa hoton dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba, don haka ƙanena, ga abin da na sani.

Ta arewa ita ce tsohuwa. Daga Daura ka fita ta Kwangwalam, ka shiga Damagaram, ka wuce Tanut zuwa Agadas, daga nan sai hamada har Murzuk a Libiya, sannan a karkata gabas zuwa Masar a haɗu da ayarin Alƙahira. Ta Alƙahira Mansa Musa ya bi a 1324, a can kuma malaminmu Muhammadu al-Kashinawi ya rasu a 1741 bayan ya yi Hajji. Amma lura da masu bin ta: sarakuna, malamai da fatake masu raƙuma. Hanyar ayari ce, sai da madugu wanda ya san inda rijiyoyi suke, sai da salka cike da ruwa. A hamadar Tenere za a kwana nawa ba a ga ko tsirgagiyar ciyawa ba. Mai ƙafa biyu da gora ɗaya ba ya ƙetare ta, ko a da can.

Ta gabas kuwa ita ce ta talaka. Katsina, Kano, Maiduguri, Gamboru, Njamena, Abeshe, Adire, a shiga Darfur ta Junaina, a wuce Fashir da Ubayyid har bakin Nilu, daga nan Sawakin ko Fot Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta wajen kilomita 4,000. In kana cin kilomita 25 kullum ba hutu, wata biyar da 'yan kai ke nan. Sai dai ba wanda ya yi ta haka. Abin da ya sa ta karɓi mai ƙafa shi ne ƙauyuka a jere, ruwa kusa, ga kuma aikin yi. Guzuri ya ƙare, sai a yada zango a yi ƙodago a gonar wani, a tara, a ƙara gaba.

Ƙanen kakana haka ya yi. Shekara bakwai ya kwashe, biyu daga ciki yana tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan. Ina yaro nakan zauna gabansa in ƙura wa dugadugansa ido, faso ya tsattsaga su har kana iya soka tsinken ashana. Ya dawo da butar ƙarfe ɗaya da Larabcin Sudan a baki, abokan tafiyarsa biyu kuwa can suka yi aure suka zauna. Dubban Hausawa haka ta kasance da su. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka ci gaba da hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903.

To da a ce shekarun baya ne, ba sai na yi dogon tunani ba, gabas zan ce maka. Yau fa? Tun watan Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, kuma Junaina da Fashir, tsakiyar hanyar taka, nan ne wutar ta fi ci. Kafin ma ka kai can akwai matsalar tsaro tsakanin Maiduguri da Gamboru. Ta arewa kuma Libiya ba ta zauna daidai ba tun 2011, hanyar Agadas ta zama ta masu safarar mutane. Ka ga gaba kura, baya sayaki. Ga kuma abin da kakanni ba su sha fama da shi kamar mu ba: biza. Kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ta jiha ko kamfanin da NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, ta amince da shi take fitowa, kuma ba katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, ba shiga Masha'ir, wato Mina, Arfa da Muzdalifa. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu saboda zafi, akasarinsu marasa izini ne da suka yi ta takawa cikin rana ba tanti ba mota.

In bakance ka yi, je ka zauna da malaminka. Akwai hadisin Anas a kan dattijon da ya yi bakancen tafiya a ƙafa, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya hau abin hawa.

In kuwa sha'awar takawa ce, ai ba ta ƙare ba. Makka zuwa Mina wajen kilomita 8 ne, Mina zuwa Arfa kamar 14, sannan a dawo ta Muzdalifa, ga zirga-zirgar jifa kwana uku. Akwai titin masu ƙafa, kuma tsakanin Arfa da Muzdalifa bayan faɗuwar rana sau da yawa mai ƙafa na riga mai bas isa. Ta Mina zuwa Arfa da tsakar rana dai ban ba ka shawara ba, hau motar 'yan jiharku.

Shirin kuma daga gida yake farawa. Sayi silifas ɗin da za ka yi ihrami da shi tun yanzu, ka taka shi ya yi laushi, don sabon takalmi bororo yake sa wa. Riƙa fita bayan asuba kilomita 5, ka ƙara zuwa 10, da lema da gorar ruwa. Gwada har da ɗaura gyauto, saboda gogar cinya ta fi ciwon ƙafa kayar da maza, man kaɗanya maganinta. Daura zuwa Katsina ta Mashi wajen kilomita 80 ne. Raba ta kwana huɗu lokacin hunturu, kai da abokai biyu, da rana kawai, kuma ka tambayi 'yan tasha lafiyar hanya kafin ku fita. In kun iso, ku neme ni, furarku na wuyana.