Miksa ko sawun kad? Amsa ga ƙanenmu na Daura

Ƙanena, kan tambayarka ta miksa mai USB ko sawun kad (akwatin da ke haɗa makirufo da sifika da kwamfuta) don haɗa muryoyi a bas (layi ɗaya da ake tara layuka da yawa a cikinsa) da tura su ribab (amon ɗaki da ake ƙara wa murya): sayi sawun kad mai mafita huɗu, ka bar aikin bas da sen (ɗibar sautin layi a aika wani layi) a cikin kwamfuta. Abin da ya yi saura ka ƙara a kuɗin makirufo.

Focusrite Scarlett 4i4 ne a ɗan situdiyona na wajen Ƙofar Ƙaura, da manhajar haɗa sauti ta Cubase nake haɗa shi, kuma ya fitar da ni kunya. An taɓa kawo mini waƙar biki mai 'yan amshi uku. Kowacce na ɗauke ta sau biyu don muryar ta yi kauri, layi shida ke nan, na zuba su duka a guruf ɗaya, wato bas, na ɗora masa kwamfuresa ɗaya mai daidaita ƙarfin murya da EQ ɗaya mai gyara kauri da siririn sauti. Ana gobe kamu Hajiya uwar amarya ta zo da kanta, ta zauna bakin tabarma tana saurare, waƙa ta kai tsakiya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 'yan matan nan sun danne sunan ɗiyata." Feda ɗaya, wato abin ja na ƙara ko rage sautin guruf ɗin, na ja ƙasa kaɗan, duk amshin ya risina tare, wadda ke dama tana dama, ta hagu tana hagu, sunan amarya ya fito tar. Mayafinta ma ba ta gama gyarawa ba na tura mata waƙar a waya.

Aikin bas ke nan. Sautin layi gaba ɗayansa yake barin hanyar masta, layin ƙarshe da duk sauti ke haɗuwa, ya bi ta bas tukuna, don haka duk abin da ka yi wa bas ka yi wa kowa. Amshi nasu daban, ganga da kalangu da sauran kiɗan fata nasu daban, abin da ya fito daga fiyano shi ma nasa.

Sen kuwa ba ya ɗauke layi daga hanyarsa. Ɗiba yake yi ya kai wani wuri, asalin muryar tana nan tana tafiya masta. A nan yaranmu suke wahalar da kwamfuta, sai ka ga ribab goma sha biyu a layi goma sha biyu, tsohuwar laftof tana huci, sauti yana tsinkewa. Buɗe layin FX guda, wato layin da aka ware wa irin su ribab, sa ribab, murɗa maɓallin yawan amonsa ya kai 100 don kada busasshiyar murya ta biyo ta ninku, sannan kowa ya aika gwargwadon buƙatarsa. Mai bada waƙa kaɗan, 'yan amshi fiye da shi, kalangu ɗan taɓawa, kiɗan bes mai kaurin sauti ko ɗigo. Da kunne za ka ji kamar a ɗaki ɗaya aka tara su. Wannan sen ɗin ka bar shi a bayan feda, yadda in ka rage murya amonta zai ragu tare da ita. In ka sa shi kafin feda, sai ka sauke muryar mawaƙi gaba ɗaya amma amonsa yana ta yawo a waƙa.

Sen na kafin feda na abin kunnen mawaƙi ne, kuma dalilin da na ce mafita huɗu ke nan. Mawaƙanmu ka san su, ba wanda zai buɗe baki bai ce "ƙara mini eko" ba. To ka haɗa masa nasa a mafita ta 3 da ta 4, ka cika masa ekon har ya gode Allah, kai kuma kana jin muryar tsurarta a sifika, abin da ake ɗauka babu ko ɗigon eko a ciki. A Scarlett 2i2 mai mafita biyu, abin da sifika ke faɗa shi abin kunne ke faɗa. In ya ce muryarsa tana makara, ka tabbata direban ASIO na kad ɗin, 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, kake kai, ka sauke bafa, saitin da ke jawo makarar, zuwa 128.

Da manhajar FL Studio kake aiki ma ba matsala, kowane layin miksarsa yana zama bas. Ka zaɓi layin murya, ka danna 'yar kibiyar da ke ƙasan layin da kake son aikawa, ka ga sen ya samu. In bas kake so, sai ka cire hanyarsa ta zuwa masta.

Miksa ina da ita, tana saman kabad, sai an gayyace mu walima ko wa'azi take ganin rana, can kam ba ta da laifi. Amma yawancin ƙananan nan layi biyu kacal suke tura wa kwamfuta ta USB, hagu da dama, ko da ramukan makirufo takwas ne a jikinsu. Ribab ɗin da ka murɗa a jikinta ya shiga ke nan, kamar sukari a furar da aka riga aka dama. Masu ɗaukar kowane layi daban suna nan, irin su Zoom LiveTrak L-8 da Tascam Model 12, sai dai kuɗinsu ba na mai farawa ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, na kasuwa da na Facebook duka. Akwai mai rantse maka cewa miksarsa tana ɗaukar layi takwas. Kada ka yi musu da shi, je da laftof ɗinka, jona, buɗe manhajar ka ƙirga mashiga nawa ta nuna. Jabun miksa da jabun makirufo masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika gari, kwali fes, ciki tarkace. In sawun kad na hannu ne, jona makirufon kwandensa, irin mai buƙatar wuta daga kad, ka danna maɓallin wutar mai rubutun 48V ka ji ko ya tashi, ka murɗa kowane maɓalli a hankali kana sauraron ƙarar ƙwarzane, ka gwada mafita huɗun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi sannan ya ba direban mota ya kawo maka Daura, ce masa kana da ɗan'uwa a Katsina da zai zo ya gwada. In ka shirya ka yi mini magana, ni zan je.